Gari na Goma Sha Bakwai

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Abadin
ƙarfe tara na dare, rana ba ta faɗi ba.
Ta tsaya can gefen sama kamar mai bin bashi,
ta ƙi shigowa, ta ƙi tafiya.

Tun Edinbara ban ce wa Tanimu uffan ba.
A kan me? A kan laima.
Ya ce ni na bar ta a bencin tasha,
ni kuwa na san hannun da ya riƙe ta ƙarshe.
Wata goma sha ɗaya muna kan hanya,
mun iya faɗan da ba a ɗaga murya:
kowa ya zuba wa taga ido,
tumakin Turawa su sha harara.

Gari ne toka-toka, bango da coci da gada,
sai ka ce daga dutsen niƙa ɗaya aka sassaƙo shi.
Fararen tsuntsayen teku, ƙattai kamar agwagi,
suna ihu a kan rufi kamar 'yan kamasho,
kowa na kiran garin da ba za mu ba.
Iska ta zo da ƙarnin kifi,
ta leƙa wuyan rigata ba sallama.

Yana gaba, akwati na bin sa da ɗingishi,
tun Kadif ƙafarsa ɗaya ta karye.
Ina baya da jakar tukunya
da kwalbar yajin da Inna ta daka,
saura kaurin yatsa biyu a gindi.
Da shi nake auna nisanmu da gida.

Mai ɗakin, wata tsohuwa Morag,
Turancinta kamar ana tauna aya,
rabi muka tsinta, rabi ya zube.
Ta ce, daga ina?
Tanimu ya ce Edinbara.
Na ce Gumel.
Ta dube shi, ta dube ni,
ta miƙo mabuɗi a tsakaninmu.

Hawa uku, numfashi sama-sama.
Mabuɗi ya shiga, ya ƙi juyawa.
Ya gwada, ya yi tsaki. Na karɓa, na gwada.
Daga ƙasan bene tsohuwa ta ɗago murya,
wannan karon mun ji ta sarai:
ƙofar nan sai mutum biyu,
ɗaya ya ja, ɗaya ya murɗa.

Ya ce, ja.
Kalmarsa ta farko gare ni tun azahar.
Na ja.

Ɗaki kamar sauran sha shida da suka wuce:
gado mai ƙara, kofi biyu, ɗaya da tsaga.
Ya tafi gane wane famfo ne na zafi,
ni na nemi alƙibla,
ta faɗo daidai kusurwar kabad.
Na shimfiɗa zanena a bayan kujera
don ɗakin ya san da wa zai kwana.
Magariba sai goma ta gota,
muka zauna jiran ta kamar baƙuwar da mota ta ɓata wa.

Can ya buɗe akwati neman safa.
Na ji shirunsa ya sake launi.
Laima ce, kwance ƙarƙashin rigar sanyinsa,
ta sha barcinta tun safe.

Ya ɗauko ta da yatsa biyu,
ya jingine ta a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.
Magana ta zo mini har leɓe, mai daɗi, da gishirinta.
Na mayar da ita. Tanadi ne.
Akwai gari na sha takwas.

Na ɗora ruwa, na auna yaji kan cokali.
Wani tsuntsu ya sauka a taga
yana duban mu da ido ɗaya,
bai san yau muka zo ba.